Yadda Za Ka Ɓata Sautin Fim Ba Tare Da An Kore Ka Ba

Ka bi matakan nan, na ba ka tabbacin ko fim ya fito bebe, kai kana nan daram. Wani da ake kira Injiniya ya gwada, har yau shi ke riƙe da hedifon.

1. Ka zaɓi mijin yaya

Injiniya bai taɓa koyon ɗaukar sauti ba. Furodusa ne ke auren yayarsa. Masu zuwa makaranta su ne waɗanda Allah bai ba 'yar'uwa kyakkyawa ba.

2. Ka maƙala, kar ka gwada

Na'urar aika sauti 'yar mitsitsiya ce, kamar akwatin ashana. Ana soke ta a ƙugun ɗan wasa, a ɓoye makirufo a ƙirjinsa, muryarsa ta zo kunnenka ba waya. Wata rana, Injiniya ya maƙala ɗaya a jikin Gwaggo, dattijuwar da ke fitowa a uwa. Ɗaya kuma a jikin furodusa, wanda ya dage sai ya fito a likita. Da likita ya gama nasa ya fita waje, Injiniya bai cire ba, bai kuma mayar da ɗaukar sauti kan makirufon Gwaggo ba. Gwaji aikin masu shakkar kansu ne.

3. Ka ɓata rai, ka riƙa gyaɗa kai

A ƙarƙashin hedifon ka cusa ɗan abin kunne na wayarka. Injiniya ƙwallo yake saurare lokacin da aka gaya wa Gwaggo a cikin fim cewa ɗanta ya rasu a gadon asibiti. Ita kuwa bara ta binne nata ɗan na gaske. Ta yi kukan da mai kyamara ya kasa ɗago ido.

Darakta ya juyo a hankali. "Injiniya, ya shiga?"

"Tsaf, ranka ya daɗe."

4. A ɗakin edita, ka zauna kusa da ƙofa

Washegari aka kunna. Ga bakin Gwaggo yana rawa, hawaye na zuba, amma muryar furodusa ce ke fitowa, yana waya a bayan mota: "Daraktan nan? Ai tausayinsa nake ji. Muna gama wannan zan kawo wanda ya iya."

Darakta ya saurara har ƙarshe. Ya ɗauki hularsa, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya fita.

5. Ka ɗora wa na'ura laifi

"Yaya, kayan nan na zamani sai a hankali," in ji Injiniya. Furodusa ya dube shi, ya tuna wadda zai tarar a gida, ya haɗiye maganarsa.

6. Ka aika wani ya roƙi tsohuwa

Edita aka tura ya lallashi Gwaggo ta zo ta sake kukan a gaban makirufo. Ya same ta tana shanya a tsakar gida.

"Ɗan nan," ta ce, "wancan kukan ba naku ba ne, na yarona ne. Na ba ku, kun zubar. Ba ni da wani."

Aka rufe wurin da kiɗa.

Gargaɗi: mai wannan rubutu bai san ka ba, bai kuma aike ka ba. Aikinka dai ba zai taɓu ba. Amma ranar da kuka haɗu da Gwaggo a hanya, ta amsa gaisuwarka da fara'a, kai ka san inda za ka sa idonka.