Ranar da Ƙurata Ta Faɗi Sama

Ba zan taɓa mantawa ba da hantsin da na kunyata kaina a Ƙanƙara, da lakataye a wuyana.

Shekarun da kuɗin mai ya wadata ne, na dawo daga jami'a da kwamfuta a jaka, kaina a kumbure. Aikin kammala karatuna na'urar kama ƙura ce: babban akwati mai farantan ƙarfe, lantarki ya sa ƙura ta manne musu, a bubbuga ta zuba cikin mazurari a ƙasa. Ko ƙusa ban taɓa bugawa ba. A cikin manhajar lissafin tafiyar iska na gina abina, shuɗi da ja, gwanin kyau.

Alhaji Sada yana da injin niƙa farar ƙasa, ma'aikatansa kullum cikin tari. Kawuna ya yi ta sintiri har Alhaji ya yarda ya ga aikin; in abin ya burge shi, ni ne injiniyansa. (Mahaifiyata kuwa ta riga ta gaya wa duk matan garinmu Sheme na samu aiki.)

Na kunna kwamfutar, a allonta ɗigo-ɗigon ƙura suka shiga akwati suka manne. Ina ta zuba Turanci, Alhaji yana gyaɗa kai. Sai Malam Isiya, tsohon da ke ɗinke buhuna, girarsa fara fat da ƙura, ya leƙo.

"Injiniya, halan can makarantarku ƙura sama take faɗuwa?"

Na duba. Da aka bubbuga farantan, ƙurar tawa rufi ta nufa, mazurari na ƙasa ba ko ƙwaya. Wurin da ake gaya wa manhaja inda ƙasa take, na manta alamar ragi guda. Wata uku ina kallon hoton nan, launinsa kawai nake sha'awa.

Abin da na yi ne har yau yake sa ni rufe fuska: na ɗaga kwamfutar na juya ta kai ƙasa.

"Madalla," in ji Malam Isiya. "Mu ma sai a kife mana masana'antar."

Alhaji ya danne dariya da hannun riga, kawuna ya ƙura wa takalmansa ido. Ji na yi kamar in shige buhu a ɗinke ni.

An ɗauke ni aiki, don kada mahaifiyata ta ji kunya, amma wata shida ina riƙe wa Malam Isiya bakin buhu. Tun daga nan, duk lissafin da na gama, wanda ya taɓa shaƙar ƙurar nake fara nuna wa.