Rasuwar Faifan Awon Ruwa na Gidan Mudi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki a sanyaye, Malam Shitu na Gidan Mudi, gabas da Riruwai, yana sanar da jama'a rasuwar baƙin faifansa na kwamfuta, ɗan ƙarami kamar tafin hannu. An tabbatar da rasuwar a Zariya, cikin bazarar 1996.

Marigayin ya zo duniya ne lokacin da Injiniya Umaru ya kawo na'urar awon ruwa. Malam Shitu ne ya ja waya. Shi ya riƙa kafa turakun ƙarfe a jere, ana tura wuta cikin ƙasa don a ji inda dutse yake da inda laima take. Duk abin da ƙasa ta amsa, cikin marigayin aka zuba shi. Abin da ya rage kawai, kwamfutar Zariya ta karanta, ta zana hoto, a ga inda za a haƙa rijiyar burtsatse guda ɗaya da aka yi wa garin alkawari.

Mai haƙuri ne. Zuwansa Zariya na farko, kwamfuta ta kore shi, wai bai jera magana yadda take so ba. Ita sai an fara da sunan wuri, sannan tazarar turaku, sannan lambobi sahu-sahu, kowace da waƙafinta. Bai yi fushi ba. Injiniya ya sake jera masa komai, ya damƙa shi ga Malam Shitu, don shi Injiniyan an yi masa canjin wurin aiki zuwa Borno. Takardun awon kuwa gara ta cinye su a sito. A iya zaman marigayin ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai dai in an zura shi cikin kwamfuta ya ce ƙirr, ƙirr, tak.

Jinyar ta faro ne daga ƙauna. Malam Shitu ya tafi Kwanar Dangora, ya bar shi a aljihun riga. Mahaifiyarsa, Iya Tani, ta lalubo shi.

"Abin da gari ya dogara da shi, a bar shi tsirara haka?" in ji ta.

Ta kai wa baduku. Baduku ya naɗe shi da jar fata kamar laya, ya bi gefe da basilla, ya huda tsakiya don kada ya yi motsi, ya sa masa rataya har da tuntu. Aikin ya yi kyau, babu mai musu. Da Malam Shitu ya dawo ta rataya masa a wuya da hannunta, ya durƙusa ya ce, "Na gode, Iya." Har yau ba ta san abin da ya faru ba, kuma ana roƙon masu ta'aziyya kada su sanar da ita.

A Zariya aka farke ɗinkin da reza. Aka zura shi. Ya ce kat, kat, kat, ya yi shiru. Mai kwamfuta ya ɗaga shi ya hango hasken taga ta cikinsa.

Ya rasu ya bar turakun katako da aka kafa don alamar wuraren da aka auna, a jere bayan gari, ba a san wanne ke kan ruwa ba. Ya bar Luba, matar Malam Shitu, da ba ta iya taka ƙasa saboda kurkunu. Ya bar matan gari suna ɗibar ruwa a tsofaffin ramukan kuza. Ya bar motar haƙa, wadda masu ita suka aiko cewa a nuna musu wuri ranar Litinin, ko su wuce Tudun Wada.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi, a layin turakun. Dattawa za su zaɓi turke ɗaya da ido, a binne marigayin a gindinsa, kuma nan za a nuna wa masu haƙa. Zaman makoki a ƙofar gidan Malam Shitu. Mai zuwa ya taho da ruwan shansa.