Yadda Ake Bin Hadari Har Ya Riga Ka Gida

Matso nan, ɗan nan. In kana so a riƙa nuna ka a kasuwar Kurmi ana cewa ga masanin hadari, bi matakan nan. Na yi maka alkawari, damina ɗaya ta ishe ka. Malam Gwadabe baduku na unguwar Jakara su ya bi bara, kuma har yau ba a gama zancensa ba.

Mataki na 1: Raina masu gudu

Da gabas ta yi baƙi ƙirin, mata za su kwashe shanya, 'yan koli su naɗe tabarmi, kowa ya nemi zaure. Kai kuwa ka fito da keke. Duk wanda ya ce ka shigo ciki, ka dube shi da tausayi, jahili ne.

Mataki na 2: Ɗauki ilimi wurin wanda ya ji a bakin wani

Gwadabe wurin Ashafa ya ɗauki nasa, wani masinja a filin jirgi. Shi ya ce masa Turawa kan ajiye gwangwani a fili su auna ruwan sama. Gwadabe ya ja tsaki.

"Gwangwani? Ni da Allah ya ba ni soro guda?"

Mataki na 3: Toshe indararo

Nan ne gwaninta take. Ka kafa tsani, ka cusa tsumma da guntayen fata a kowace indararo, don ruwa ya taru a kan soro, in ka dawo ka tsoma kara ka auna. Kada ka damu da cewa soron na ƙasa ne, ko azararsa ta girmi babanka. Ƙarƙashin na Gwadabe ɗakin matarsa Turai ne, da gadonta da jeren tasoshinta.

"Malam, ɗakina ne fa a ƙasa. Baffa magini ya ce ko yaɓe ba a yi ba bana."

"Ke Turai, ilimi ake yi a sama."

"To, Allah ya sa ilimin ya tsaya a saman."

In an yi maka irin wannan addu'a, ka ce amin, ka hau keke.

Mataki na 4: Tari gabansa

Hadari yamma yake nufa, saboda haka ka riga shi zuwa. Gwadabe ya taka ta Ƙofar Na'isa, iska ta cika masa riga har ya zama tamkar tulu a kan keke. In aka kwaɗa tsawa, ka yi salati da ƙarfi, amma ka nuna kamar mutane kake tuna wa.

Ya isa Ƙofar Kabuga yana haki, ko yayyafi babu. Wata tsohuwa mai fura ta dube shi.

"Bawan Allah, wa ya koro ka?"

"Hadari nake bi, Iya."

"Ikon Allah! Ai ga shi can ka baro shi a baya, kan Jakara yake ta juyewa."

Da wani ne, da hankalinsa ya tashi. Masani kuwa murna yake. Gwadabe ya ce, "Alhamdu lillahi, ma'auni na cika!"

Mataki na 5: Koma ka auna

Da la'asar sakaliya ya iso yana tura keke cikin taɓo, ya tarar da maƙwabta cike da gida. Soro ya zauna a tsakar ɗaki. Turai tana tsaye lafiyarta ƙalau, don yana fita ta kwashe kayanta kakaf ta mayar turakarsa. Ta miƙa masa kara.

"Ungo, Malam. Ba sai ka hau tsani ba, ma'aunin ya sauko da kansa."

A nan ake gane masanin gaskiya. Gwadabe ya naɗe wando, ya shiga, ya tsoma kara, ya ɗago kai.

"Taƙi biyu da yatsa uku! A gaya wa Ashafa, gwangwaninsu bai taɓa kama haka ba."

Turai ta ja ƙofar turaka. Tun ranar a zaure yake kwana, shi da kekensa, kuma ya ce daga nan ya fi jin cida sosai.

Jan kunne

Alkawarin suna na yi maka, ban yi maka na rufin ɗaki ba. In soro ya sauko, ko aradu ta gaishe ka a hanya, ko aka mayar da kai zaure, babu ruwana, kada a aiko gidana. Ni tun fitowar gajimaren farko na sa aka share indararona.