Mashin ɗin da ya cinye tsarabar Timia

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tatse mutuncina da hannuna ba, a gaban surukina da rabin unguwarmu.

Shekarun fari ne, lokacin mulkin soja, ana bin layin jar dawa ta taimako a Agadez. Ni kuwa sabon mushe ne a lekol, wato malamin makarantar boko, sabon ango kuma, ina ji da kaina kamar ni na kawo boko garin. Wani anasara da ke shirin komawa ƙasarsu ya baza kayan gidansa na sayarwa, a nan na ga mashin ɗin tatsar ruwan ƴaƴan itace, fari tas, da igiyar kuran, wato lantarki. Zuciyata ta maƙale. Kullum na tashi daga aiki sai na biya in shafa shi in tafi. In ce zan saya, in ce ba zan saya ba. Matata Mariyama ta tambaye ni abin da zan riƙa tatsa a garin da ko tumatir ya zama abin kallo, na ce mata ba ta san ci gaba ba. (Har yau in ta so cin fuskata, kalmar nan take jefo min.) Da anasaran ya gaji da ganina, sai ya ce in tafi da shi gida in gwada, in ya yi min in biya.

Washegari sai ga mahaifin Mariyama daga Timia, inda yake da garka, lambun lemu. Duk shekara da buhu yake zuwa, lemu ya wadaci kowa a layinmu. Wannan karon ƴar jakar fata ce kawai. Ya ce rijiya ta ja baya, bijimin da ke jan ruwa ya mutu, itatuwa da yawa sun bushe, ɗan abin da ya tsira da hannunsa ya ba shi ruwa. Na san al'adar sarai: tsarabar Baba ba ta gidanmu ba ce. Maƙwabta za su zo yi masa sannu da zuwa, kowa ya tashi a sa masa lemu a hannu, ko da guda ne. Da wannan lemun Baba yake riƙe zumuncinsa a birni.

Da azahar ya tafi masallaci, Mariyama ta fita neman sukarin shayi. Aka bar ni daga ni sai jaka sai mashin.

Na ce biyu kawai zan gwada. Na yanka na tura har da ɓawo, don anasaran bai ce a ɓare ba, ni kuma girman kai bai bar ni na tambaya ba. Mashin ya yi kuka kamar babur, ya ɗigo abin da bai rufe gindin kwano ba. Na ce ai bai yi zafi ba ne, na ƙara. Lemun shekarar fari ne, ƙanana, duk sun tsotse, amma ni a lokacin lissafina ɗaya: Baba ya dawo in miƙa masa kofi cike, ya san ƴarsa ta auri wayayye. Ina turawa ina turawa, sai na sa hannu a jaka na ji fata kawai.

Na duba kwano, ruwan bai kai rabi ba. Na ɗanɗana, ɗaci ya kama min harshe har cikin kunne. A nan ne mai hankali zai tsaya. Ni kuwa sai dabara ta zo min: dabinon Bilma yana da zaƙi, zai kashe ɗacin, ya kuma ƙara auki. Na ɗebo busasshen dabino cike da hannu, da ƙwallonsa da komai, na zuba.

Ƙarar da ya yi, akuyar maƙwabta sai da ta tsinke igiya. Ya yi tsalle a kan tebur, ya fesa min tuƙar lemu a fuska da gaban farar rigata, ya saki hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba, ya yi shiru.

A haka sallama ta same ni. Baba ne, da limamin unguwa, da dattawa a bayansa, sai Inna Gaisha, tsohuwar da ke gida na kusa da mu, wadda tun safe take gaya wa jikokinta cewa lemun Timia ya iso. Mariyama ta shigo a bayansu da ƙullin sukari, ta dubi mashin, ta dubi jakar da ke kwance a ƙasa, ta dube ni, ta wuce ta shimfiɗa tabarma. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka jajanta fari, ni ina tsugune a gefe ina tsintar ɓawo daga gira. Sannan Baba ya ce, "Mariyama, kawo jakar nan a ba mutane."

Ta ce, "Baba, tana wurin Mushe."

Na ɗauko kwanon da hannu biyu na ajiye a gabansa. Na fara bayani, wai fasaha ce ta zamani, wai ruwan ya fi amfani a jiki, har faransanci na tsoma a ciki. Baba mutumin Abzin ne, amawalinsa ya rufe fuska, idanu kawai nake gani, kuma idanun ba su taimake ni ba. Ya tsiyaya kaɗan a kofin shayi, ya kai ƙarƙashin amawali ya kurɓa. Ya daɗe bai haɗiye ba.

"Fari ya yi iya ƙoƙarinsa, ya bar min waɗannan," in ji shi a hankali. "Ashe kai yake jira ka ƙarasa masa."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da na fi samun sauƙi. Baba ya ce tunda tsaraba ce, dole a raba, kuma wanda ya tatsa shi zai zagaya da ita. Haka na bi dattawa ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin kofi, kowa ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce madalla. Inna Gaisha ta kurɓi nata, ta goge baki da gefen zane, ta ce, "Mushe, Allah ya ƙara ilimi."

Maganar saye kuwa ta yanke kanta. Ba a mayar wa mutum gawar kayansa, don haka na biya kuɗin mashin ɗin da bai sake motsi ba. Baba ya ci gaba da zuwa da tsaraba bayan an samu ruwa, amma daga ranar kai tsaye gidan Inna Gaisha yake kai jakar ajiya, a gaban idona.

Abin da na koya shi ne, in kaya yana da baki, ka fara duba ko kana da abin ba shi kafin ka kawo shi gida. In kuma gwaji ya kama ka, ka gwada da abinka, ka bar na suruki.