Fitila Uku Don Hawainiya Ɗaya

"Gajiya kam da sauƙi, in ka cire wadda benen nan naka ya ɗora mini. Kai dai, Ƙwan Fitila, mutum ya tsufa ya rasa inda zai maƙale sai hawa na uku kamar jemage?"

"Sannu da zuwa, Allura. Shigo ki zauna kafin iska ta ɗauke ki a ce ni na ɓatar da ke."

Mai Wuta ya matsa ya ba ta hanya. Haka duk unguwar ke kiransa, don shekara arba'in ya yi yana ja wa mutane wayar lantarki a gidajensu kafin hannunsa ya soma rawa ya ajiye aiki. Ita kaɗai ke ce masa Ƙwan Fitila, saboda sanƙonsa. Shi kuma Allura yake ce mata, don tela ce, ga ta siririya, ga baki mai tsini. Uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito, wato taubasai ne, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa babu zagi ba. A duk dangi yanzu su biyu suka rage masu wannan wasa.

Falon tsaf yake, irin tsaf ɗin gidan da ba mai ɓata shi. Matarsa ta rasu bara, 'yarsu ɗaya tana aure a wani gari mai nisa, sai ƙarshen mako take bugo waya. A kan teburin cin abinci, inda dā ake jera faranti, yanzu wani dogon akwatin gilashi ne mai murfin raga, cike da ƙasa da tsirrai da rassan itace.

Allura ta dire leda a gabansa. "Ga saƙonka. Zuwana uku ke nan shagon nan. Mai shagon har ya fara tambayata ko macizai nake kiwo."

"Da kin ce masa e. Duk wanda ya ji harshenki ba zai musa ba."

"Ka ji bawan gidanmu! Ubana ya riƙe uwarka har ya aurar da ita, yau ɗanta ke aikena kasuwa." Ta leƙa akwatin, ta taɓe baki. "Wai duk wannan aljannar ta ƙadangare ce?"

"Hawainiya."

"Ai ɗaya ne. Ƙadangare ne da ya yi ritaya, irinka."

Mako biyu da suka wuce masu faɗaɗa titi suka sare bishiyar ƙarshe da ta rage a layin. Yana dawowa daga sayen burodi ya ga hawainiyar a tsakiyar kwalta, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi gaba kamar za ta taka, ta fasa, ta sake. Ba inda za ta. Ya daɗe tsaye yana kallonta, sannan ya cire hularsa ya sa ta ciki ya hau da ita. Tun daga ranar tana zaune kan wani reshe cikin kwali, kullum da hantsi ya fitar da ita baranda ta sha rana, yana jiran tsirran da ya dasa a akwatin su kama ƙasa.

"Matso in koya miki abin duniya," ya ce, yana nuna mata ta jikin gilashin. "A can ƙasa tsakuwa ce, don ruwa ya samu wurin kwanciya kada saiwa ta ruɓe. Sai raga, don ƙasa kada ta zube ciki. Sai gawayi, shi ke hana wari. Sai ƙasa. Sai busassun ganye a sama."

"Hawa biyar! Ni da na haifi 'ya'ya bakwai katifa ɗaya nake kwana a kai."

"Ke ai ko a igiyar shanya aka rataye ki kin kwana."

"Ga ganye mai yaɗo, ga mai faɗi, ga wannan kamar jelar zakara. Oh, ni 'yasu! Shekara talatin da takwas marigayiya tana roƙonka ka dasa mata fure ɗaya a barandar nan, kana cewa sauro zai kawo."

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Mai Wuta ya sa yatsa ya goge wani tabo a gilashin wanda babu shi.

"Haka ne," ya ce can. "Na faɗa."

Allura ta gyara mayafinta, ta yi gyaran murya. "To ina uwargidan take? Ko sai an yi mini iso?"

Ya jawo kwalin. Hawainiyar tana manne da reshenta, ta yi baƙi ƙirin kamar tsohon takalmi, idanunta a lumshe, cikinta ya shafe.

"Kai! Wannan ai ta fi ka kama da gawa."

"Kwana uku rana ba ta fito ba, sai hadari. Sanyi ya kama ta. Jininsu ba irin namu ba ne, in ba su ji ɗumi daga waje ba, ko abinci ba ya narkewa a cikinsu. Na ba ta fara ta ƙi, na ba ta gyare ta ƙi. Yau dole ta shiga ƙarƙashin fitilar nan."

Ya zazzage ledar. Ƙwan fitila ne mai ba da zafi, da hularsa ta ƙarfe, sai dai wayar ba filogi. Ya ɗauko tsohon akwatin aikinsa, ya fere bakin wayar, ya kama sukundireba. Aikin da dā yake yi ido rufe, yana hira, yana kan tsani. Yanzu bakin sukundireban ya ƙi zama kan 'yar ƙusar. Ya zame sau ɗaya, ya zame sau biyu. A na uku ƙusar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur. Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani ne aka ara masa.

Allura ta duƙa ta tsinto ƙusar, ta fizge sukundireban.

"Kawo nan. Dama tun asali ƙarya kake, ba ka iya ba. Rabin gobarar garin nan kai ne."

"Ke me kika sani a wuta? Wadda ta ɗinka mini riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo!"

"Hannunka ne ba daidai ba. Faɗa mini, wanne ke shiga ina?"

"Ja a dama. Damarki, ba tawa ba! Murɗa gashin wayar tukuna su haɗu, kamar za ki zura zare. Yawwa. Ɗaure. Kada ki bar ko silli ɗaya a waje."

"Wannan ne aikin da kuke ta yi mana fankama da shi shekara arba'in? Ai sa maɓalli ya fi shi wuya."

Ta gama cikin minti biyu. Ya karɓa ya jujjuya, ya ja wayar da ƙarfi don ya samu abin kushewa, bai samu ba.

"Ba laifi," ya ce. "Ga makaho dai."

Sai rigimar inda za a ɗora ta. Ita ta ce tsakiya, don haske ya game ko'ina. Ya ce a kusurwa ɗaya, can saman ragar.

"Rowa ce dai irin ta 'ya'yan mace. Har haske sai kun yi masa ƙoro."

"Ba rowa ba ce, jahila. Gefe ɗaya zafi, gefe ɗaya sanyi. In ta ji ɗumi ya ishe ta sai ta sauka inuwa cikin ganye. In ko'ina zafi ne, ina za ta gudu? Sai ta dahu."

"To wannan doguwar da ka aike ni makon jiya fa?"

"Ita ce a madadin rana. Tsirrai da ita suke rayuwa, ita kuma hawainiya in babu irin haskenta ƙashinta laushi yake yi. Kuma ba a sa ta bayan gilashi, gilashi tare amfanin yake. Sai ta raga."

"Wannan mai kamar agogo kuma?"

"Shi ke kunnawa da safe ya kashe da yamma. Awa goma sha biyu haske, goma sha biyu duhu."

"Ikon Allah. Ƙadangare da mai yi masa dare da rana. Ni a gidan ɗana ko fankar ɗakina sai na yi magana uku."

Ya auna taƙi ɗaya da rabi tsakanin fitilar da reshen da ya fi tsawo, ya sa ta karkata hular kaɗan, sannan ya danna makunni. Akwatin ya kama da haske. Ganyayen suka fito shar, inuwar rassa ta kwanta kan ƙasa, har falon kansa ya canza kama.

Ya jira ma'aunin zafin da ya liƙa a ciki ya hau, ya ɗora bayan hannunsa kan reshen ya ji ba ya ƙuna. Sannan ya ɗago hawainiyar da reshenta gaba ɗaya, hannunsa na rawa, Allura ta tallafe masa gwiwar hannu ba tare da ta kalle shi ba. Suka jingina reshen a ciki. Ya fesa ruwa a ganyen, don ya ce ba ta sha a kwano, sai raɓa. Suka ja kujeru biyu suka zauna.

Hawainiyar ba ta motsa ba.

"Ƙwan Fitila."

"Na'am."

"Mai shagon nan ya nuna mini takarda. Ya ce tun ranar farko kai da kanka ka je, ka rubuta fitilun nan biyu da agogon da hannunka, ka ce a ajiye, za ka riƙa aikowa ɗaya bayan ɗaya."

Mai Wuta ya kau da kai. "Ƙarya yake. Wa ya san rubutuna?"

"Ni. Kamar kaza ta bi ta kan tawada."

Ya mai da ido kan akwatin. A ƙasa wata mota ta wuce, ƙararta ta ɓace.

"Da na ce ki kawo duka rana ɗaya," ya ce a hankali, "da kin zo rana ɗaya. Akwai makon da in ban da mai burodi ba wanda na ce wa uffan. Ran nan na buɗe baki zan amsa waya, muryar ta ƙi fita, sai da na yi tari. Na bar ta zafin ta zama ta ƙarshe don na ga rana na fitowa. Ban san hadari zai zo ba. Ga shi na kusa kashe baiwar Allah saboda son surutu."

"Tsohon banza."

"Na karɓa."

"Tun zuwan farko ya nuna mini takardar."

Ya juyo ya kalle ta.

"Me kake kallona? Da na so da na kwaso su gaba ɗaya na watsa maka. A gidan can kowa sannu Mama, sannu Mama, kamar mai jinya. Sun ɗauke keken ɗinkina wai kada in gaji. Jikoki kowa kansa cikin waya. In na ce fari baƙi ne, sai su ce haka ne Mama. Wata nawa ba wanda ya ce mini ƙarya nake. Gara in zo nan a ce mini jahila."

"Ai jahilar ce."

"Ka ji ko? Har na ji sanyi a raina."

Sai ta dafa hannunsa ta nuna da haɓa. Hawainiyar ta buɗe ido ɗaya, ta juya shi sama wajen fitilar, ɗayan kuma yana kallonsu. Ta ɗaga ƙafa, ta yi jinkirinta, ta kama reshen gaba. A hankali, a hankali, har ta isa ƙarƙashin hasken, ta baje jikinta ta karkata gefe ɗaya. Suna zaune baƙin ya soma sakin bayanta, ya koma ruwan ƙasa, can sai kore ya fara fitowa daga haƙarƙarinta. Ta miƙa baki ga wani ganye ta lashi ɗigon ruwa.

"Ta sha," ya ce. "Allura, kin gani? Ta sha."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Goge idonka, kada sanƙon ya yi tsatsa."

Ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗan jima, ya fito da makulli ɗaya ɗaure da wani tsohon zaren ulu. Ya ajiye a cinyarta.

"Na marigayiya ne. Kin ga dabbar nan tana son feshi, ni kuma wani lokacin mantuwa…"

"Wato mai gadin ƙadangare ka mai da ni." Ta juya makullin a tafinta, ta shafa zaren da babban yatsa. Ta san ɗaurin, ita ta ba marigayiyar ulun. "Ba zan karɓa ba sai ka faɗa da bakinka. Wa ya haɗa wutar nan?"

"Mu biyu."

"Riƙe makullinka."

"To, tela ce."

"Ɗaga murya, uwargida ba ta ji ba."

"Na ce tela ce ta haɗa! Shekara arba'in ɗina sun tashi a banza, na sallama!"

Dariya ta ƙwace masa, irin mai tafe da tari, har sai da ya dafa tebur. Shi kansa ya yi mamakin yadda ta cika falon. Allura ta ƙulle makullin a bakin mayafinta, ta ja ƙullin da haƙori, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Talata zan zo," ta ce daga bakin ƙofa. "Kuma kada ka wahalar da kanka neman abin da za ka aike ni. Haka kawai zan zo."