Ranar da Na Manta Garinmu

Shekara da shekaru ina cike wasan ƙwaƙwalwa na jarida a ofishinmu na Batsari, da biro kuwa, don ni a ganina ba na kuskure. Rannan aka nemi ƙaramar hukuma a Katsina, harafi shida, farkonta SA, ƙarshenta A. Na rangaɗa Sabuwa. Sauran gurabun suka ƙi zama, na yini ina zagin mai haɗa wasan.

Washegari abokin aikina Malam Iro ya buɗe shafin amsoshi, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, daga ina ka taso yau?"

"Safana mana."

Ban rufe baki ba ofis ya kwashe da dariya. A can aka haife ni.

Na gaji da bayani. Har yau 'yan acaɓa na tambayata, "Ɗan Sabuwa, gida za a kai ka?"