Rasuwar 'Yar Fashir, Wuƙar Malam Silvanus

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, iyalin Malam Silvanus Dogara, tsohon malamin sakandare a Kafanchan, suke sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wuƙarsa ta Sudan, wadda aka fi sani da 'Yar Fashir. Ta cika ranar Talatar da ta wuce a hannun mai ita, bayan doguwar jinya a ƙarƙashin ƙasa. Ba a san shekarunta ba, amma ta girmi kowa a gidan.

Marigayiyar ta shigo ƙasar nan a jakar ƙanensa Gershon, soja, wanda ya saye ta a kasuwar Al-Fashir lokacin aikin kiyaye zaman lafiya a Darfur. Gershon ya dawo da tari, bai shekara ba ya rasu. Ita ta jawo Malam Silvanus cikin tara wuƙaƙen Sudan, a jikinta kuma ya koyi raba tsohuwa da jabu. Ƙotarta ta baƙin itace ce, hannayen mutanen da ba a sani ba sun goge ta har ta yi santsi. Kubenta na fatar guza ne, da maɗauki na sanyawa a damtse. In aka zare ta takan ce "shiiit", in aka ɗana mata farce ta amsa "tinnn", ta daɗe tana amsawa. Sababbin da ake ƙera wa baƙi "ƙwas" kawai suke cewa su yi shiru.

A zamanta na Kafanchan ko albasa ba ta yanka ba. Shekarar da aka kai wa ƙauyukan kewaye hari, samarin unguwa sun zo aronta, a gabansu Gilbert, ɗan 'yar'uwar Malam, wanda aka kashe wa mata a gona. Malam Silvanus ya tare ƙofa da jikinsa ya ce, "Ɗana, ka tafi da ni in kana so, amma ita ba za ta fita gidan nan ba." Tun ranar Gilbert bai sake gaishe shi ba, ko a majami'a.

Ciwon ajalinta ya samo asali daga nan. Aka fara raɗe-raɗin za a bi gida-gida ana bincike, duk wanda aka samu da makami sai motar jami'an tsaro. Matarsa, Mama Lai'atu, ta ce ko wuƙaƙen su bar ɗakin ko ita ta bar shi. Abokinsa Azubuike, mai shagon kayan kicin a kasuwa, ya karɓi sauran ya cuɗa su cikin hajarsa, amma da ya ga rubutun Larabci a jikin 'Yar Fashir sai ya girgiza kai ya mayar masa. Malam ya shafe ta da man kaɗanya, ya naɗe a leda, ya binne ta cikin kunyar citta a bayan gida. Masu binciken ba su taɓa zuwa layinsu ba. Amma duk sa'ad da ya ɗauki fartanya zai tono ta, sai labarin wani harin ya iso, ya mayar da fartanyar. Damina ta wuce, wata ta biyo.

Da aka tono ta, ledar ta yage, ruwa ya yi zamansa a ciki. Tsatsa ta cinye rubutun da bai gama neman mai karanta masa ba. Ya jiƙa ta da kananzir, ya yi ta lallaɓa ta kamar mai jinyar uwa. Da ya ja ta daga kube ba ta ce komai ba. Ta karye a wuya, rabi ya rage a ciki.

Ta bar kubenta, da 'yan'uwa mata a shagon Azubuike, waɗanda Malam yake shakkar asalin biyu daga cikinsu. Ta bar Mama Lai'atu, wadda ta ce ba ta yi nadama ba, amma ita ta ba da zanen da aka naɗe gawar. Ta bar Malam Silvanus, wanda har yanzu ba ya cin abinci sai an zauna a kansa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a gidan iyali da ke Fadan Kagoma. Ba za a yi mata wanka ba, ruwa ya riga ya yi aikinsa. Fasto ya ce ba shi da tsarin sujada na ƙarfe, amma zai zo a matsayin aboki. Ana roƙon masu zuwa su fito da wuri, su haɗa kai a mota ɗaya, su kuma kama hanyar gida kafin rana ta yi sanyi, gama hanyar ba ta yi kyau ba tukuna.